Kiwon macijin garter: abincin ne matsalar, ba saran ba

Duk wanda ya ji ina kiwon maciji a ɗaki sai ya ce a'uzubillahi, kuma wallahi ban ga laifinsa ba, mu da muka taso da labarin kububuwa da kasa da kumurci. Amma garter daban ne. Ɗan siriri ne mai zane dogo-dogo a baya, mazaunin Arewacin Amurka, daga Kanada har ƙasashen Amurka ta Tsakiya, yawanci ba ya wuce mita ɗaya, ɗan dafin da ke cikin yawunsa kuma na kwaɗi da ƙananan kifi ne, mutum dai sai ɗan ƙaiƙayi ko kumburi. In ya tsorata ma wani ruwa mai wari yake sakar maka a hannu. A nan lardin Manitoba na Kanada inda nake zaune, akwai ramukan Narcisse da dubun dubatarsu ke fitowa daga barcin sanyi wajen watan Mayu, mutane har da yara suna zuwa kallo.

Abin da ke ci min rai shi ne yadda mutane ke kashe shi da abinci, da kyakkyawar niyya fa. Mutum zai ga yana son kifi, sai ya dinga sayo masa jajayen kifin adon nan na cikin kwalba tunda suna da arha, shi kuma yana ta haɗiya kamar ba komai. To wannan kifin yana da wani sinadari, tiyaminas, mai lalata bitamin B1 a jiki, a hankali a hankali sai ka ga macijin ya fara karkata kai, yana juyewa ta baya, yana wani abu kamar farfaɗiya, in ba a kai shi wajen likitan dabbobi da wuri ba shi ke nan. Karfasa da salmon ba su da wannan matsalar, amma su ma tsokar kawai ba ta isa, yana buƙatar ƙashi da kayan ciki saboda kalsiyam. Shi ya sa ni jariran ɓera nake ba shi, na firiza, in narkar da su a ruwan ɗumi, sannan in haɗa da manyan tana. Ban da jar tanar takin nan, masu kiwo sun daɗe suna gargaɗi a kanta. Da farko nawa ya ƙi ɓeran sam, sai da na goga wa ɓeran kifi a jiki, na miƙa da hantsaki ina ɗan girgizawa, ya fito da harshe sau biyu uku, caraf ya cafke. Babba sau ɗaya a sati ya ishe shi in ɓera ne, in tana ce sai an ƙara don ba ta riƙe ciki.

Wurin zama ba wuya. Akwatin gilas mai murfi gam, don gwanayen guduwa ne, gefe ɗaya da ɗumi wajen digiri 30 ɗaya gefen da ɗan sanyi, maɓoya, da kwanon ruwa da zai iya shiga ciki musamman lokacin saɓa. In biyu ne a raba su lokacin ci, sukan kama abu ɗaya kowa na ja. A wanke hannu bayan taɓawa saboda ƙwayar cutar salmonela. Kuma macen haihuwa take yi ba ƙwai ba, tana iya zubo maka 20 ko fiye, a sani tun kafin a haɗa ta da namiji.

Ƴan uwa na gida don Allah, wannan macijin babu shi a dajinmu. Akwai wasu a Afirka da ake kira da irin sunan, amma dangin kumurci ne, masu dafi. Kar wani ya ga mai zane a gona ya ce bari ya ɗauka.