Na ga Yulo da idona a Faris

Tun da na dawo Kano daga Faris, inda na kalli Carlos Yulo, ɗan Filifins mai wasan jimnastik (wasan alkafura da tsalle-tsalle), a gasar Olamfik ta 2024, har yanzu kunnuwana na jin ihun ƴan Filifins. A filin jirgi wani jami'i ya riƙe fasfona yana jujjuyawa, ya tambaye ni sau uku wai me ɗan Najeriya zai yi da kallon jimnastik. Ko kallon fuskata bai yi ba da ya wurgo min shi. Na haɗiye, na wuce.

Wani Bazindare mai sayar da atamfa a unguwar Château Rouge ne ya sauke ni. Allah ya saka masa. Ya bar min gadonsa ya koma kujera, matarsa kuma ta yi mana tuwon shinkafa da miyar kuka. Da na zaro kuɗi ya ɓata rai: "Haba Malam, a gidanka za ka biya?"

Tsada kuwa ba a magana. Saboda gasar Olamfik sun ɗaga tikitin jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Yuro 4, sama da naira dubu shida a lokacin, tafiya ɗaya tak! Kuɗin da a gida zai kai ka Zariya a mota. Kuma ka yi sallama a cikin jirgin nan babu mai ɗago kai.

Ranar 3 ga Agusta na shiga zauren Bercy, wasan ƙarshe na alkafura a ƙasa. Carlos Yulo ɗan ƙaramin mutum ne, tsayinsa bai wuce mita ɗaya da rabi ba, shekarunsa 24 a lokacin. Ya tsaya a kusurwa, ya goge tafin hannu da farin gari, ya ja numfashi. Sai ya kwasa da gudu, ya tashi sama ya murɗa, ya dira ƙafa biyu daram, ko gezau. Alƙalai suka ba shi maki 15.000. Artem Dolgopyat na Isra'ila, mai riƙe da kambun tun Olamfik ɗin Tokiyo, ya tsaya a 14.966, zinare ya zama na Yulo. Yulo ya durƙusa yana kuka.

Matar da ke gefena, ƴar Manila mai aikatau a Faris, ita ma kuka take. Ta miƙo min busasshen mangwaro, ta shiga ba ni tarihinsa. Yana yaro kakansa ya gan shi yana alkafura a filin wasan unguwa, ya kama hannunsa ya kai shi wurin masu horarwa. A 2016 ya tafi Japan hannun koci Munehiro Kugimiya, nesa da iyayensa. A 2019 ya zama zakaran duniya a Stuttgart. A Tokiyo, inda kowa ya sa masa rai, ko wasan ƙarshe na alkafura a ƙasa bai kai ba, a wasan tsallake teburi kuma ya zo na huɗu. Shekara uku ya ɗauki wannan ciwon.

Ina saurarenta ina tuna yaran unguwarmu da ke tuma alkafura a kan tarin yashin gini, wasu har sau uku a jere. Mu abin da muke ce musu kawai shi ne su sauka kada su karya wuya. Wa zai kama hannunsu, kuma ya kai su ina? Abin ya tsaya min a rai matuƙa.

Washegari a gidan mai masaukina muka kalli talabijin, Yulo ya sake cin zinare a wasan tsallake teburi. Na leƙa hasumiyar Eiffel daga nesa, layin ya yi tsawo. Na sayo turare, na biyo ta Adis Ababa na dawo.