Asabar, ranar da muka kalli fim ɗin kifin shak

Ƙarfe takwas na safe na sauko daga aikin dare, ban farka ba sai da aka kira azahar. Na so in leƙa kasuwa, ruwan sama ya hana, sai na zauna na tsince wake a falo. Bayan la'asar ƙanina ya shigo da kwamfutarsa a hammata, ya ce, "Yaya, akwai fim ɗin da nake so ki gani. An yi ɗinkin rauni a ciki, ke ce ma'aikaciyar jinya, ki gaya min ko zai yiwu." Hajiya na kan tabarma tana jan carbi, ta ce mu rage murya kawai.

The Shallows ne, na shekarar 2016, wanda Jaume Collet-Serra ya ba da umarni, Blake Lively kuma ta fito a matsayin Nancy, ɗalibar koyon likitanci daga Amurka. Mahaifiyarta ta rasu, ita kuma ta tafi wani ɓoyayyen bakin teku a Meziko inda marigayiyar ta taɓa zuwa, don ta hau igiyar ruwa da allo. Can cikin ruwa ta ci karo da mushen wani ƙaton kifi, ashe akwai shak, wato babban kifin teku mai kaifin haƙora, a wurin yana ci. Ya cafke ta a cinya, ta samu da ƙyar ta haye wani ɗan dutse. Tsakaninta da tudu bai wuce yadi 200 ba. Tana ganin jakarta a kan yashi, amma ba halin zuwa.

Wannan tazarar ce ta kama ni. Da a tsakiyar teku aka jefa ta, da ban ji komai ba, don ban san teku ba. Amma ka ga tsira da idonka, kusa kamar daga ƙofar gidanmu zuwa masallacin unguwa, ka kasa isa, wannan kowa ya san zafinsa. Kuma dutsen ba na dindindin ba ne: idan ruwa ya janye yana fitowa, idan ya tumbatsa sai ya shanye shi. Don haka agogon hannunta ya zama abokin shawara. Tana lissafin sa'o'in da suka rage mata, tana ƙirga daƙiƙun da kifin ke ɗauka kafin ya kewayo. Na daina tsintar waken ban sani ba.

Da aka zo wurin ɗinkin, ƙanina ya tsayar da fim ɗin ya kalle ni. Ta ɗaure cinyar don jinin ya tsaya, ta cire 'yan kunnenta da sarƙar wuyanta ta haɗe bakin raunin da su, tana yi wa kanta magana a hankali kamar yadda muke yi wa marar lafiya: za ki ji zafi kaɗan, yanzu za a gama. Wallahi nan idona ya kawo ruwa, domin muryar da nake amfani da ita ke nan da tsakar dare idan ana wanke wa yaro ƙuna. Na gaya masa ɗaurin daidai ne, shi ne abu na farko. Ɗinkin kuwa, rauni irin wannan mai datti ba a gaggawar rufe shi, amma wadda ba ta da kowa ba ta da komai, ba zan ga laifinta ba. Sun kuma kyauta da suka nuna ƙafar tana canza launi bayan ɗaurin ya daɗe. Haka abin yake, naman da jini bai kai masa ba mutuwa yake yi.

Akwai wata tsuntsuwar teku mai gurɗaɗɗen fiffike da ta zauna tare da ita a kan dutsen. Hajiya, wadda ta ce ba kallo take yi ba, ita ce ta fara tambaya, "Ita kuma wannan baiwar Allah, za ta tashi kuwa?"

Inda raina ya ɓaci shi ne kashi na ƙarshe. Tun farko ba a cika nuna kifin ba, sai inuwarsa a cikin igiyar ruwa, kuma tsoron ya fi yawa a haka. Dabarar tsohuwa ce, tun Jaws, wani fim ɗin shak na 1975, inda kifin roba mai inji ya riƙa lalacewa har dole aka rage nuna shi. Amma a nan, da ta yi iyo ta koma kan ƙarfen alamar da ke shawagi a ruwa, sai kifin ya rikiɗe ya zama maƙiyi mai gaba. Yana cizon ƙarfe, yana yayyaga shi, wuta ta kama shi bai fasa ba. Ga mushe mai kitse da zai ci kwana da kwanaki, me zai sa ya bar shi ya nace wa mace ɗaya?  Kuma wadda ta zubar da jini haka, ta kwana a sanyi ba ci ba sha, ba za ta iya nutsewa ƙasan teku riƙe da sarƙar ƙarfen alamar ta kauce a daƙiƙar ƙarshe har kifin ya soke kansa a kan rodi ba. Na ga masu ƙaramin rauni da suka kasa ɗaga kofi.

Abin ya dame ni ne don ƙanina ya tashi yana cewa ai gara a ƙarar da irin waɗannan kifaye. Na ce masa mutanen da shak ke kashewa a duniya duka a shekara ba su cika wuce goma ba, su kuwa mutane suna kashe miliyoyinsu, da yawa don a yanke fiffikensu a yi miya a jefar da sauran. Ya yi shiru, ya ce bai taɓa ji ba.

Duk da haka ban yi da-na-sanin minti 86 ɗin ba. Sa'a guda ta farko aiki ne mai kyau, kuma Blake Lively ta ɗauki fim ɗin kusan ita kaɗai, daga ita sai dutse sai tsuntsuwa.

Bayan isha'i na ɗauko tsohon ɗankwali da muciya, na zaunar da ƙanina na nuna masa yadda ake ɗaure hannu ko ƙafa idan jini ya ƙi tsayawa: sama da raunin, a murɗa har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin da aka ɗaura, a garzaya asibiti. Babur yake hawa kullum zuwa makaranta. Sau uku ya gwada a hannuna kafin ya iya.