Godiya Bayan Jinyar Gwiwa

Alhamdu lillahi. Jumma'ar da ta wuce na yi sujada goshina a ƙasa, bayan wata 7 ina salla a kan kujera. Shi ya sa na ce bari in zo in yi godiya a bainar jama'a.

Waɗanda ba su sani ba, adaidaita sahun da nake ciki ne ya taka birki ba shiri, gwiwata ta dama tana lanƙwashe ta daki ƙarfen da ke gabana. Hoton ƙashi bai nuna karaya ba, sai na ɗauka targaɗe ne, na yi ta shafa man zafi. Ina tafiya, amma da zarar na zo saukowa daga bene sai in ji ƙafar tana neman zamewa. Yayana ne ya matsa sai mun je Asibitin Ƙashi na Dala. Yaya, Allah ya saka maka da alheri, don ni da na ci gaba da ɗingishina.

Likitan da ya duba ni ya kwantar da ni, ya lanƙwashe gwiwar, ya tura ƙwaurina baya, sai ga shi ya tafi fiye da na ɗaya ƙafar. Hoton MRI ya tabbatar jijiyar da ke can bayan gwiwa ce ta yage, wadda suke kira PCL, mai riƙe ƙashin ƙwauri kada ya zame baya. Tunda sauran jijiyoyin lafiya lau suke, ya ce ba sai an yi tiyata ba. Likita, na gode da ka zauna ka zana min a takarda har na gane.

Godiyata mafi girma ga ma'aikatan gashin ƙashi. Mako 12 ina sanye da abin ɗaure gwiwa, farko da sanduna biyu. Suka sa ni ƙarfafa naman gaban cinya, suka hana ni duk motsin da zai sa naman bayan cinya aiki, domin shi ne ke jan ƙwauri baya ya hana jijiyar haɗewa daidai. Sau nawa na gaji na ce na warke, suka ce da saura. Gaskiyarsu ce.

Maiɗakina kuwa, ita ke tashi cikin dare ta gyara matashin da ke ƙarƙashin ƙwaurina in ya goce. Ban taɓa jin ta yi tsaki ba. Allah ya biya ki da Aljanna.

Malaman makarantarmu da suka raba azuzuwana a tsakaninsu, maƙwabcin da ke kai yara makaranta, da matasan masallacinmu da ke ajiye min kujera a gefen sahu, duk na gode. Masu zuwa dubiya da masu kira, Allah ya bar zumunci.

Har yanzu ba a ba ni izinin gudu ba, kuma zaman tahiya yana ɗan ja na. Ku ci gaba da sa ni a addu'a, wata mai zuwa zan koma ganin likita.