Ranar da Na Ba da Hasumiya Don Doki a Garwa

Masu wasan ces sun san lissafin da ake koya wa kowa tun farko: hasumiya maki 5 ce, doki da giwa maki 3 kowanne, soja kuwa maki 1. Bisa wannan lissafi, wanda ya ba da hasumiya ya karɓi doki ya yi asarar maki 2. Amma a ƙarshen wasa, idan akwai sojojin da babu sojan abokin gaba a gabansu ko a gefensu, yawan takun da ya rage su kai layin ƙarshe su zama sarauniya ya fi makin muhimmanci.

Na gwada hakan a garin Garwa, a wasa da wani malamin lissafi da muke haɗuwa a zaurensa bayan la'asar. Ni ke da farare. Ina da hasumiya a gidan e6 (ana kiran kowane gida a allo da harafin layin tsaye da lambar layin kwance), da giwa, da sojoji biyu a c6 da d5, sarkina yana h2 a bayan sojojin g2 da h3. Shi kuma dokinsa ya zauna daram a d6, ya tare sojan d5, yana kuma gadin c8, hasumiyarsa tana d8 tana kare shi, sarkinsa can nesa a g7.

Kafin in taɓa komai sai na bi takun a kaina. Idan na ci dokin, hasumiyarsa za ta ci tawa ta sauka a d6, ni kuma in tura soja c7. Daga nan, in ta koma d8 sojan c7 zai cinye ta, in ta shiga c6 sojan d5 zai cinye ta, in ta ci d5 kuwa na riga na sami sarauniya. Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne duba ko tana da hanyar kai wa sarkina hari, domin da sarkina yana layin h a fili, da ta je h6 da barazana gare shi, sannan ta sauka h8 ta tsare layin ƙarshe, ni kuma in tashi a tutar babu. Da na tabbata sojojina sun rufe wannan ƙofa, kuma sarkinsa ba zai isa d7 da taku ɗaya ba, sai na ci dokin.

Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Malam, ai ka gama da ni tun ɗazu."

Ƙa'idar da aka sani ita ce, sojoji biyu maƙwabta da suka kai layi na 6 sun fi ƙarfin hasumiya ita kaɗai, muddin sarkinta yana nesa. Dabarata ta yi aiki da soja ɗaya a layi na 5 ne kawai saboda hasumiyarsa ta sauka a mummunan gida. Tigran Petrosian, zakaran duniya daga 1963 zuwa 1969, ya yi akasin haka a Zurik a 1953: ya miƙa wa abokin wasansa Reshevsky hasumiya domin dokinsa ya samu zama a d5 ya daskarar da sojojin tsakiya, aka tashi kunnen doki.

Yanzu idan sojojina biyu suna layi na 5, ko kuma suna rarrabe, ko sarkin abokin wasa yana taku biyu daga gidan da za su sauka, nakan riƙe hasumiyata in ajiye ta a bayan sojan da ya fi nisa, in fara matso da sarkina tukuna.