Kabewar Kaka

A jihar Illinois ta Amurka ba sai ka duba kalanda ba, kabewa ce za ta gaya maka Oktoba ta kama. Za ka gan ta jibge a ƙofar kantuna, a bayan motocin manoma, a kan matakalar gidaje. Duk Amurka babu jihar da ta kai wannan noman kabewa, kuma a garin Morton da ke dab da Peoria, inda muke zaune, kamfanin Libby's yake da masana'antar da ke zuba ta a gwangwani. Har biki suke mata duk watan Satumba.

Da na fara ganin yadda ake fafe ta, a yanka mata ido da baki, a bar ta a waje har ta ruɓe, raina ya sosu. Wadda ta tashi tana sayen kabewa yanki-yanki don miyar taushe ba za ta ga haka ta ji daɗi ba. Ga kuma shi kansa bikin Halowin na ranar 31 ga Oktoba da ake sassaƙar dominsa, da kayan fatalwa da ƙwarangwal, wanda ni da maigida muka yanke tun farko cewa yaranmu ba za su shiga ba.

Maƙwabciyarmu tsohuwa ce Baturiya, mijinta ya rasu, 'yarta tilo tana aure a wata jiha mai nisa. Yarana Kaka suke ce mata, ita ma ta koyi amsawa. Wata ranar Asabar ta ƙwanƙwasa mana ƙofa, kuma abin da har gobe nake girmama ta a kansa shi ne ba ta bi ta kan yara ba, ni ta nema. Ta ce, "Na san ba al'adarku ba ce. Ciwon gaɓoɓi ne ya hana ni riƙe wuƙa, kuma tun ina ƙarama ban taɓa fashin sassaƙa kabewa ba. Ko za ki ara mini hannun yaranki?" Na ce, "Mama, za mu zo. Amma ba fuskar dodo, kuma ba za su zaga gidaje neman alewa ba." Ta ce ta yarda, kuma har ta bar duniya ba ta taɓa tsallake wannan iyakar ba.

A teburin kicin ɗinta muke aikin. Sai ta shimfiɗa tsofaffin jaridu, ta fito da wani gwangwanin biskit da ta adana kayan aikin mijinta: ƙananan zartuna masu siririn baki, da babban cokalin ƙarfe da gefensa ya cinye saboda kankara. Ba ta barin yara su taɓa wuƙar girki, don takan zame a kan ɓawon. Murfin sama a karkace ake yanka shi, bakin zarton yana kallon tsakiya, in ba haka ba ya zurma ciki. Daga nan a zura hannu har gwiwa a kwaso 'ya'ya da zaren nan mai sanyi da yauƙi, inda ƙaramar 'yata takan yi ta ihu tana dariya. Sai a kankare bangon da za a sassaƙa har kaurinsa ya dawo kamar inci ɗaya. Zanen a takarda ake yinsa, a manna, a bi layin da ƙusa ana hudawa ɗigo-ɗigo, sannan zarto ya bi sawu a hankali. Kaka tana zaune da tabarau a kan hanci, tana cewa kada a danna, a bar zarton ya ci da kansa.

In an gama, takan shafa basilin a bakin yankan don kada ya yi saurin yamutsewa, ta huda ƙaramar kafa a murfin saboda hayaƙin kyandir ɗin da ake kunnawa a ciki. Duk da haka kabewar da aka fafe da ƙyar take cika mako kafin fumfuna ta kama ta, in ma kurege bai riga ya gaigaye ta ba. Shi ya sa ba ta yarda a sassaƙa da wuri.

A wurinta na ji tushen al'adar. Kakanninta daga Ireland suka zo, cikin ɗimbin mutanen da yunwar da ta faro a 1845 ta koro zuwa Amurka. A can wani kayan lambu mai saiwa, ƙarami mai tauri, suke fafewa su sa wuta a ciki. Da suka iso suka tarar da kabewa, ta fi girma, ta fi laushi, sai suka koma mata.

Tunda ba ma yin fuskoki, sai na tuna zanen da masu sassaƙar ƙwarya ke yi a gida. Na zana mata layuka masu lanƙwasa da 'yan kusurwoyi, muka kankare fatar sama kawai ba tare da hudawa ba, hasken ya riƙa fitowa ja-ja ta cikin naman. Ta daɗe tana kallo, ta ce a shekarunta ba ta taɓa ganin irinsa a layinmu ba. Daga shekarar, duk kabewar da ke kan barandarta zanen ƙwarya take ɗauke da shi.

Batun almubazzarancin ma na faɗa mata. Ta yanko mini ɗan yanki ta ce in dafa in gani. Ruwa ne da zare, babu zaƙi, don irin na sassaƙa daban ake noma shi. 'Ya'yan kuwa ba ta zubar da ko ɗaya, takan wanke, ta barbaɗa gishiri ta gasa. Ita ta nuna mini ƙananan kabewa masu nauyi da suke yin abin zaƙi da su, na yi mata taushe da alayyafo da gyaɗa, ta ci da tuwon shinkafa har ta nemi ƙari. Da ta gane yawancin alewoyi masu danƙo suna ɗauke da sinadarin da ake samu daga alade, sai ta shiga karanta bayan kowace leda da gilashin ƙara girman rubutu kafin ta ba yarana. Ban taɓa roƙonta hakan ba.

Wasu ƙawayena a masallaci ba su ga dacewar abin ba, kuma ban ga laifinsu ba, kowa da inda ya ja layinsa. Ni dai abin da na gani tsohuwa ce da kewa ta isa, ga hadisin da Annabi (SAW) ya ce Jibrilu bai gushe yana masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci zai ba shi gado. Na kuma gane cewa faɗin iyakata a fili tun ranar farko shi ya sa zaman ya yi daɗi, ba ɓoye-ɓoye, ba jin nauyi.

Ta rasu cikin tsananin sanyin hunturu, bayan gajeriyar jinya. Muka kai abinci gidan, muka yi wa 'yarta ta'aziyya. Ranar da take kwashe kaya ta miƙo mini gwangwanin biskit ɗin, ta ce mahaifiyarta ta bar wasiyya a ba yarana. Na kasa cewa komai, hawaye kawai nake.

Yanzu wasu ma'aurata ne a gidan, da ɗansu ƙarami da ke yawan leƙo mu ta shinge. Da Oktoba ta kama ɗana ya ce a kira shi. Na ce a'a, uwarsa za a fara tambaya. Na je da kaina na ƙwanƙwasa, ta ce Asabar ta yi mata, kuma ita za ta sayo kabewar.