Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Ziyararmu Garin Masunta na Whitby

A makon jiya na tsaya a inda maigidana ya miƙa rubutunsa na ƙarshe a jami'a, muka samu ɗan sarari kafin a fitar da sakamako. A wannan tsakanin ne ya ce ba zai yiwu mu zauna a tsibirin Birtaniya har mu bar shi ba mu ga teku ba. Muka hau bas daga Leeds, muka ratsa York, muka keta tsaunukan da babu komai a kansu sai gajerun tsirrai da tumaki, har motar ta gangara da mu Whitby, garin masunta da ke gaɓar arewa maso gabashin Ingila, a yankin Yorkshire.

Garin yana zaune ne a bakin kogin Esk, daidai inda yake zuba a Tekun Arewa, kogin ya raba shi biyu, wata gada mai juyawa don jiragen ruwa su wuce ta haɗa ɓangarorin. Mun fara da gidan da James Cook, shahararren matuƙin jirgin ruwa mai zana taswira, ya zauna yana saurayi, lokacin da ya zo koyon aikin jirgi a wajen John Walker a 1746, wanda yanzu aka mayar gidan tarihi. Jirgin Endeavour da ya tuƙa daga 1768 zuwa 1771 har New Zealand da gabashin Ostareliya, a Whitby aka ƙera shi, kuma asalinsa na dakon kwal ne. Mutanen garin suna alfahari da shi ƙwarai, ni ma ban raina ƙwarewarsa ba, amma ban iya kawar da tunanin abin da ya samu 'yan asalin waɗancan ƙasashe bayan taswirarsa ta buɗe hanya ba. Daga nan muka leƙa tudun yamma, inda aka kafa ƙasusuwan muƙamuƙin kifin wel guda biyu tamkar ƙofa, don tunawa da zamanin da jiragen garin ke zuwa farautarsa a ruwan Girinlan, tun daga 1753.

Inda na fi daɗewa shi ne wani ƙaramin gidan tarihi na jiragen ceto da ke bakin tashar. A can na karanta abin da ya faru ranar 9 ga Fabrairu, 1861. Guguwa ta taso ta yi ta jefo jirage gaɓa ɗaya bayan ɗaya, mazajen garin suka yi ta fita da kwale-kwalen ceto suna tuƙi da filafili, suna dawowa da mutane, suna sake komawa. A fitarsu ta ƙarshe igiyar ruwa ta kifar da su kusa da gaɓa, a idon jama'ar da ta taru, cikinsu har da iyalansu. Su goma sha uku ne, goma sha biyu suka mutu. Wanda ya tsira, Henry Freeman, shi kaɗai ne ke sanye da sabuwar rigar ceto da aka yi da ɓawon icce mara nutsewa, kuma ranar ce fitarsa ta farko. Abin da ya fi girgiza ni shi ne bai bar aikin ba, har ya zama shugaban masu ceton na fiye da shekara ashirin. A Janairun 1881, da teku ta hana su fita daga tasharsu, mutane da dawakai suka ja kwale-kwalen ta tudu cikin dusar ƙanƙara, tafiyar kusan kilomita goma, zuwa Robin Hood's Bay, suka ceto mutanen wani jirgi da ya makale. Har yau ƙungiyar ceto a teku ta RNLI da aka kafa a 1824 ita ke wannan aiki, akasarin masu fita 'yan sa-kai ne, kuɗin tafiyar da ita kuwa gudummawar jama'a ce.

Na ce wa maigidana, "Malam, ashe kifin nan da muke saye a daskare ba mu taɓa tambayar me ya ci kafin ya iso gare mu ba." Ya ce, "Ai kuwa, Hajiya, mu da ba mu taso a bakin teku ba, a wajenmu farashin kifi bai wuce abin da mai shago ya faɗa ba."

Sai da muka yi sallar azahar a wani lungu mai tsabta sannan muka nemi abinci. Mashahurin abincin garin soyayyen kifi ne da dankalin turawa, galibi kifin teku da ake kira kod ko hadok, ana tsoma shi a ƙullin fulawa a soya har bayansa ya yi ƙaras, cikin kuwa fari fat, yana warewa sala-sala. Duk Musulmin da zai je ina ba shi shawara ya yi tambaya kafin ya saya, domin a Yorkshire gidaje da dama da kitsen shanu suke suya, wasu kuma suna zuba giya a ƙullin. Mun tambaya, aka amsa mana ba tare da ɓata rai ba, aka ma nuna mana inda ake suya da man girki. Kaguwa kuwa, wadda ake dafawa a fere namanta a mayar cikin ƙoƙonta, na ɗan yi jim a gabanta, sai da Malam ya tuna mini cewa a mazhabar Malikiyya dabbobin teku halal ne. Namanta yana da zaƙi da laushi, sai dai harshena ya nemi yaji bai samu ba.

Abin da ya fi kwanta mini shi ne kifin banda na gidan Fortune's, a ƙarshen titin Henrietta, inda iyali guda suke wannan sana'a tun 1872. Tun daga nesa ƙamshin hayaƙin ke tarbar mutum. Suna tsaga kifin, su jiƙa shi a ruwan gishiri, su rataye a wani ɗaki da bangonsa ya yi baƙi ƙirin, a bisa hayaƙin ɓarɓashin katako. Da na duba da kyau sai na gane shi ne shawa da muke saye a kasuwannin gida. A da, wannan kifi ne ke riƙe da garuruwan gaɓar nan, mata na bin jiragen gari-gari suna fiɗa da gishirtawa, har aka kama shi fiye da kima, aka kai ga hana kamunsa a Tekun Arewa a 1977 na wasu shekaru. Shi ya sa yawancin ƙananan jiragen da muka gani a tashar tarkon kaguwa da lobsta (mai kama da ƙaton jatan lande) ne jibge a kansu.

Da yamma muka hau matakala 199 zuwa tudun gabas, inda kangon gidan ibadar Kirista da aka fara kafawa a 657 yake, da majami'ar St Mary a gefensa. A cikinta akwai dutsen tunawa da mazajen nan goma sha biyu, a waje kuma kaburburan da iskar gishiri ta cinye rubutun da yawansu. Na tsaya na karanta sunayen sha biyun ɗaya bayan ɗaya, Malam yana jirana, sannan muka sauko don kada bas ɗin ƙarshe ya wuce mu.

A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan ba ku labarin ranar da sakamakon Malam ya fito da shawarar da muka yanke game da komawa gida.