Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Yadda Na Koma Bin Ƙura

Makon jiya mun tsaya a inda na fara digirin digirgir, ina laluben abin da zan yi bincike a kai. Ni dai taurari nake so. Malamina kuwa ƙura ya miƙo mini.

Hotuna biyu ya ajiye a gabana, duka na wani gajimaren gas da ƙura a sararin samaniya da ake kira Barnard 68. Na farko an ɗauke shi da hasken da ido ke gani: baƙin tabo ne ƙirin a tsakiyar dubban taurari. A na biyu, na infirared, wato hasken da ke gaba da ja wanda ido ba ya gani, tabon ya kusa ɓacewa, taurarin bayansa sun leƙo jajaye-jajaye.

"Malam, ina gajimaren ya shiga?"

"Yana nan daram. Ka auna mini jan kowane tauraro, shi zai gaya maka yawan ƙurar da ke gabansa."

Aikin da na fara ke nan, tauraro bayan tauraro, har idona ya yi yaji. Ƙwayoyin ƙurar nan na silika da kabon ne, ƙanana ƙwarai, kusan irin na hayaƙi. Suna tare shuɗin haske, ja ya ɗan samu hanya, infirared kuwa ya ratsa. Ba su wuce kashi 1 cikin 100 na nauyin gajimare ba, sauran iskar gas ce, galibi haidurojin. Amma su ne ke kare cikinsa daga zafafan hasken taurarin waje, sai sanyi ya kai wajen digiri 263 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius. A irin wannan sanyin gas ba ta da ƙarfin turjiya. Nauyinta ya rinjaye ta, ta dunƙule, tauraro ya fara samuwa.

Na yi sa'ar zamani. A watan Mayun 2009 hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba madubin hangen nesa na Herschel, mai faɗin mita 3.5, wanda ya ci sunan mutumin da ya gano infirared a 1800. Shi ba ratsa ƙura yake yi ba, ɗan ɗumin da ita kanta take fitarwa yake kamawa. Ya nuna ire-iren wannan gajimare cike suke da dogayen zare-zare, kuma akasarin dunƙulen da za su zama taurari a jikinsu suke jere. A ganina har yau ba a gama cin moriyar hotunan nan ba.

Sai dai na'urorinsa da ruwan hiliyam ake sanyaya su, kuma babu mai zuwa ya ƙara. Ranar 29 ga Afrilun 2013 ya ƙare. Malam ya karanta sanarwar a tsaye, ya ce in buɗe taskar bayanan, in fara da gajimaren da ke rukunin taurarin Taurus.

Abin da na tarar a ciki, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.